Yadda zaka buga God of War a waya har ka kai ƙarshe

Ni dai farkon ganina da God of War a wani gidan gem ne a Tudun Wada lokacin da PS2 ke tashe, kowa ya shigo ƙwallo yake nema, hannu biyu, wanda aka ci shi zai biya, amma akwai wani bawan Allah da kullum yake kama talabijin ɗin lungu shi kaɗai yana fama da wani farin ƙato mai sanƙo da jan zane a fuska, wuƙaƙe biyu ɗaure da sarƙa a hannuwansa yana wulwula su kamar majajjawa. Ranar da na tsaya a bayansa na biyun ya saka, wanda ya fito a 2007, inda ake buɗewa da wannan gunkin na Rhodes da ya fi bene tsawo yana kai duka yana rushe gari, wallahi har layina na ƙwallo ya zo ya wuce ban sani ba. Yanzu shekaru sun ja, gidajen gem ɗin da yawa sun koma shagon caji ko na POS, amma Kratos, wato farin ƙaton nan, bai je ko ina ba, aljihu ya dawo, yaran layinmu da yawa suna da PPSSPP a waya, kuma da wuya sati ya wuce wani bai miƙo min waya ba yace Yaya duba min yana cijewa, ko Yaya na kasa wuce sarkin nan. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta abinda na sani.

Da farko ka san wanne kake bugawa, don mutane suna rikita su. Wanda ke tafiya a PPSSPP guda biyu ne kawai, Chains of Olympus da ya fito a 2008 da Ghost of Sparta da ya fito a 2010, dukansu don ƙaramar na'urar hannu ta Sony wato PSP aka yi su, kuma wani kamfani ne a Amurka mai suna Ready at Dawn ya haɗa su, ba Santa Monica da suka yi na farko a 2005 ba. Duk wanda yace maka zai saka maka God of War 3 ko wannan mai gatari da yaro na 2018 a PPSSPP ba gaskiya ya faɗa maka ba, na ukun na PS3 ne, mai gatarin kuma a PS4 ya fara fita. Shi PPSSPP ɗin kansa manhaja ce da ke sa wayarka ta kwaikwayi PSP, wani ɗan ƙasar Suwidin Henrik Rydgård ya fito da ita a 2012, kyauta ce a Play Store, akwai kuma mai ruwan gwal ta kuɗi amma aikinsu ɗaya. In kana da PS3 a gida kuwa, an haɗa su biyun a faifai ɗaya a 2011 da suna Origins Collection, can ya fi kyau nesa ba kusa ba. Shawarata ka fara da Chains of Olympus, shi ne farko a labari cikin biyun, ya fi gajarta, kuma a nan hannunka zai koyi aikin.

To maganar cijewa. Gem ɗin nan guda biyu suna cikin mafi nauyi a duk abinda aka yi wa PSP, saboda haka kada ka ga ƙwallo tana tafiya sumul a wayarka kace shima dole ya tafi haka. Abinda ya fi kashe mutane shine Rendering resolution, allon PSP na asali 480 ne a 272, duk lokacin da ka ɗaga shi zuwa 3x ko 4x ka ninka wa wayar aiki ne sau da yawa, in wayarka ƙarama ce ka bar shi a 1x, in mai ɗan ƙarfi ce 2x ya isa kuma yayi kyau sosai a allon waya. Sai Backend, akwai Vulkan akwai OpenGL, babu wanda zai ce maka ga wanda ya fi a kowace waya, ka gwada ɗaya ka buga minti biyar a wajen da ake faɗa sosai, ka canza ka sake gwadawa a waje ɗaya. Ka kashe duk abinda ya shafi gyaran hoto irin su Upscale da Anisotropic, ado ne kawai. Ka kunna abin nan da ke nuna gudu a saman allo, in yana nuna 100% lafiya lau, in ya faɗo ƙasa a nan ne zaka ji sauti yana karkarwa kamar rediyon da batir ya yi wa sanyi, kaga matsalar ba ta sauti bace, gudun ne bai kai ba. Frameskipping shine na ƙarshe da zaka taɓa, ka sa shi a 1 in ya zama dole, kada ka wuce haka, domin faɗan gem ɗin nan da ido ake yinsa, in ana tsallake hotuna bazaka ga lokacin da dodo ya ɗaga hannu ba sai dai kaji duka. Sannan zafi, musamman watan Maris da Afrilu a garin nan, waya in tayi zafi da kanta take rage gudu don kada ta lalace, sai ka ga gem ɗin da ya fara lafiya bayan rabin awa ya koma jan ƙafa. Ka cire mata kondo, kada ka buga tana jikin caji, ka rufe su WhatsApp da TikTok da ke aiki a baya. Na san da wuya, an kawo wuta kana so ka haɗa caji da gem lokaci ɗaya kafin a sake ɗaukewa, amma batir ɗinka kake kashewa.

Yanzu hannu. Bokis shine saran sauri mara nauyi, tirayangul shine mai nauyi amma yana ɗaukar lokaci, O na damƙa ne, X tsalle, in ka danna sau biyu ya ƙara wani a sama, L kuma shine karewa. Matsalar tana wajen mirginawa, a PS2 analog na dama kawai kake turawa Kratos ya mirgina ya kauce, amma PSP analog ɗaya gare shi, sai suka mayar da abin ya zama sai ka riƙe L da R tare sannan ka tura analog, a kan gilashin waya kuwa wannan yatsu uku ne a lokaci ɗaya, shi yasa yawancin yara basa mirginawa kwata-kwata, suna tsayawa ana jibgarsu. Maganin yana cikin saitin Controls, wajen gyara tsarin maɓallan allo akwai maɓallan Custom da zaka iya ɗora wa maɓalli fiye da ɗaya, ka ɗauki guda ka ɗora masa L da R tare, ka ja shi ka ajiye kusa da babban yatsanka na dama ka ƙara masa girma, shikenan dannawa ɗaya ka tura analog ya mirgina. Wannan gyaran kaɗai ya fi duk wani saitin hoto amfani. Ka ƙara wa O girma shima don akwai wuraren da za'a ce ka yi ta danna shi da sauri, a irin wajen ni ajiye wayar nake a gwiwa in yi da ɗan ali. In kuma kana da hali ka nemi hannun gem, ko na bulutut irin wanda ake samu wajen masu kayan waya a Kasuwar Gumi, ko hannun PS4 in akwai a gida, ka riƙe Share da maɓallin PS tare har fitilar ta fara ƙyaftawa sai ka neme shi a bulutut ɗin wayarka. Da hannu gem ɗin wani abu ne daban, har kafaɗarka zaka ji saran.

Ga abinda nake so ka riƙe fiye da komai a rubutun nan. Kratos mutum ne mai fushi, ihu yake, yaga mutane yake, kuma gem ɗin yana zuga ka kaima ka hau wannan fushin ka yi ta dannan bokis ido rufe, a matakin Mortal mai sauƙi zaka sha da haka, a Hero na gaba da shi ma zaka ɗan yi nisa, amma akwai inda zaka je abin ya tsaya cak. Wanda ya iya gem ɗin nan in ka kalli hannunsa a natse yake, Kratos ne ke hauka a allo shi kuma yana lissafi. Sara uku ka tsaya ka duba. Bokis, bokis, tirayangul, wannan shine abincinka daga farko har ƙarshe, biyun farko suna taɓa su, na ukun yana dukan ƙasa ya watsa na kusa kuma galibi shi ke fasa garkuwar masu garkuwa, kuma gajere ne, kana gamawa kana da damar karewa ko mirginawa. Dogon haɗin nan na bokis shida a jere yana da kyan kallo amma yana barinka a buɗe, ka bari sai ka ga fili. Ka koyi kallon kafaɗar abokin faɗa ba jikin Kratos ba, kowane dodo yana da alamar da yake yi kafin ya kawo duka, wani ja da baya yake, wani ƙara yake, wani makaminsa ke walƙiya. Ƙananan sojoji L yana tare kusan duk abinda suka kawo, amma ƙaton nan mai ido ɗaya in ya ɗago kulkinsa kada ka tsaya karewa, bazai karu ba, mirgina ka koma bayansa ka yi uku ka sake fita. Haƙuri ne kawai, mahaƙurci mawadaci, ko a nan ɗin ma haka take.

In ka riƙe tirayangul baka saki ba Kratos zai cilla mutum sama ya bi shi, a can saman ka sare shi ko ka damƙe shi da O ka buga da ƙasa, amfanin wannan ba burgewa bane, yayin da kake sama na ƙasa da yawa basa kai maka. In an taru maka da yawa kuma ka fara da masu harbi daga nesa da tsuntsayen nan masu damu, su basu da jini da yawa amma sune ke katse maka sara a daidai lokacin da ka samu babban. Ƙanana kuwa ka yawaita damƙarsu da O, yana gama su da wuri.

Sai alamar O da ke fitowa a saman kan manyan dodanni in sun galabaita. Kada ka yi wasa da ita kuma kada ka ɗauka don nuna jini kawai aka sa ta, lissafi ne. Mai kan bijimin nan in ka gama shi ta wannan hanyar koren haske yake zubarwa wanda ke cika maka jini, macen nan mai jikin maciji in ka tsinke kanta shuɗi take bayarwa na sihiri, kaga in jininka yayi ƙasa kuma akwai bijimi a filin to ga asibitinka nan, ka lallaɓa shi har O ya fito maimakon ka ƙarasa shi da sara. Ita mai macijin akwai abu ɗaya da ya kashe ni ba adadi kafin in gane, in ta haska maka idonta kana zama dutse, in a ƙasa kake sai ka yi sauri ka fasa ka fito kafin wani ya buge ka, amma in a sama hasken ya kama ka faɗowa zaka yi ka tarwatse ko da jininka a cike yake. Don haka in tana waje ka manta da X, mirginawa kawai.

Jajayen hasken sune kuɗinka, da su kake ƙara wa makamai ƙarfi. Kuskuren da na ga kowa yana yi shine rabawa, ɗan nan ɗan can, sihiri ya samu wuƙa ta samu, ƙarshe babu wanda yayi ƙarfi. Ka zuba komai a wuƙaƙen tukuna, su kake riƙe da su kashi tara cikin goma na tafiyar, kuma kowane mataki yana buɗe maka sabon salo, akwai wanda zaka riƙe L ka danna bokis ya yi ta juyawa kamar fanka yana share duk wanda ya kewaye ka. Ka fasa duk tulu da akwatin da ka gani. Sannan ka sani kyamarar gem ɗin ba kai ke juya ta ba, su suka kafe ta inda suke so ka kalla, kuma da gangan suke ɓoye akwatuna a inda bata nunawa, duk ɗakin da ka shiga kafin ka bi hanyar da take a fili ka taho ta wajen allo, ka leƙa bayan ginshiƙi, ka sari bangon da ka ga ya tsage. A irin waɗannan akwatunan ake samun idon Gorgon, wato macen nan mai jikin maciji, da gashin tsuntsun Phoenix, ido biyar yana ƙara tsawon jininka, gashi biyar yana ƙara sihiri, wanda ya wuce su a guje zai isa faɗan ƙarshe da ɗan guntun jini yana mamakin me yasa duka biyu ke kashe shi.

Sarkin Farisa da yara ke kawo min ƙara a kansa shine jarabawar farko a Chains of Olympus, a Attica, ɗaki ne matsattse ga sojoji suna shigowa. Saransa na takobi ka tare, amma da zarar ka ga ya kira aljanin wutar nan ka mirgina ka bar kusa da shi gaba ɗaya har ta lafa, sai ka dawo ka yi ukunka. In ka gama da shi wutar ta zama taka, Efreet kenan, kuma itace mai cetonka duk lokacin da aka yi maka zobe. Gaba kaɗan zaka samu garkuwar rana, a nan gem ɗin yake canzawa ga wanda ya lura, in ka danna L daidai lokacin da duka ko harbi zai sauka, ba kafin ba, kana mayar wa mai shi kayansa. Ka tsaya ka koyi wannan a kan ƙananan maharba tun da wuri, don Charon da Persephone, wadda ake faɗan ƙarshe da ita, duk da shi ake cinsu. Shi Charon mai jirgin matattu haɗuwarku ta farko bazaka ci shi ba, haka aka tsara, kada ka ƙona sihirinka ko ranka ya ɓaci, zai jefa ka ƙasa ne ka je ka samo safar ƙarfen Zeus ka dawo, a karo na biyu in ya koma jikin ginshiƙan jirgin yana cika jininsa da wannan safar zaka farfasa su.

Akwai waje ɗaya a gem ɗin da har yau in na tuna sai jikina yayi sanyi, in baka so a ɓata maka labari ka tsallake nan. Farin da ke jikin Kratos ba fenti bane, tokar matarsa da 'yarsa ce, shi ya kashe su da hannunsa bisa yaudarar Ares, gunkin yaƙi na Girkawa, aka la'ance shi tokar ta manne masa har abada. To a kusa da ƙarshe sai ya samu 'yar tasa Calliope a lahirarsu ta labarin, ya ajiye makamai da ƙarfinsa duka don ya zauna da ita, sai kuma ta bayyana in bai koma ya yi faɗa ba duniya zata rushe har da ita yarinyar. Yarinyar ta rungume ƙafarsa tana kuka, sai gem ɗin ya fito maka da alamar O, wannan O ɗin dai da ka yi awa biyar kana yaga dodanni da shi, yace ka yi ta dannawa ka ɓanɓare ta daga jikinka. Wallahi na daɗe riƙe da wayar ban danna ba. Ina cikin keke ne ma daga Kawo zuwa Kasuwa, har muka wuce inda zan sauka. A nan na gane waɗanda suka yi gem ɗin sun san nauyin abinda suke sa ka yi, ba jini kawai suke sayarwa ba.

Ghost of Sparta kuma ya fi girma ya fi kyau, ya fi kuma nauyi a waya, in Chains yana tafiya maka da ƙyar to wannan sai ka sauko da saiti. Labarin ƙaninsa Deimos ne da aka sace tun suna yara saboda wata alama a jikinsa, jan zanen da ke jikin Kratos ma don tunawa da shi yayi. Ana buɗewa da Scylla dodon teku a hanyar Atlantis. Sabon abin da zaka koya shine wutar Thera, kana riƙe R wuƙaƙen su kama da wuta, tana da ma'auninta daban da ke cika da kansa in ka saki, kuma duk wani mai sulke ko ƙarfe a jiki da ita kaɗai ake fasa shi, in ka ga kana sara yana tartsatsi jini baya fita to wuta ake nema. Kada ka riƙe R ɗin kullum, ka kunna daidai kan tirayangul na ƙarshe inda dukan ya fi nauyi sai ka saki ta huta. A nan akwai ƙahon bijimi da ake tarawa, shima biyar, yana ƙara tsawon wutar. L da O kuma yana sa Kratos ya ruga ya kayar da mutum ƙasa ya hau kansa da naushi, yana da amfani sosai wajen raba taro. Daga baya zaka karɓi mashi da garkuwar Sparta, mashin ana jifa da shi daga nesa kuma zaka iya tafiya kana kare kanka, amma ni dai ban zuba masa jajaye ba sai da wuƙaƙe suka cika. Wajen da na fi so a duk gem ɗin ma babu faɗa a ciki, lokacin da ya shiga garinsu Sparta yana tafiya a hankali mutane suna gaishe shi, bayan duk wannan hayaniyar sai kaji shiru, kamar mutum ya dawo unguwarsu bayan doguwar tafiya.

Dole in yi maganar jinin da sauran abubuwan, don ina ganin yara 'yan firamare da gem ɗin nan a waya kuma abin yana damuna da gaske. Su kansu waɗanda suka yi shi ba don yara suka yi ba, a Amurka alamar M ce a jikinsa wato daga shekara 17, a Turai 18 suka rubuta. Ana cire kai, ana ƙwaƙule ido, shi sarkin Farisan nan da akwati ake fasa masa kai, a Ghost of Sparta akwai inda zaka ja sarki Midas yana roƙonka ka jefa shi cikin narkakken dutse don kawai ka samu hanyar wucewa. Wata rana ina bugawa a tsakar gida ban san ɗan yayata yana bayana ba, yaro ɗan shekara shida, sai ji nayi yace Kawu me yasa ya cire mata kai, ban samu amsar da zan bashi ba, daren nan kuma sai da ya farka da kuka. Umma ta kira ni da safe tace kai yanzu abinda kake nuna wa yara kenan, nace Umma kiyi haƙuri bazai sake faruwa ba, kuma tun daga ranar a ɗaki nake bugawa da abin kunne, manhajar ma na sa mata makulli. Bayan jini akwai tsiraici, wasu dodannin mata babu riga, kuma a kowanne cikin biyun akwai waje ɗaya da mata ke kiransa alamar O ta fito, a Chains jim kaɗan bayan sarkin Farisa, a Ghost kuma cikin garin Sparta, ba dole bane, baya hana ka ci gaba, ka wuce abinka kada ka danna. Maganar su Zeus da Ares da Athena kuma tatsuniyoyin Girkawan da ne na zamanin bautar gumaka, babba mai hankali ya san matsayinsu, amma yaron da bai gama sanin addininsa ba bai kamata a barshi da su shi kaɗai ba. In ƙaninka ya dame ka ka saka masa ƙwallo ko tseren mota, suna nan da yawa a PPSSPP.

Sebin iri biyu ne. Akwai na gem ɗin kansa, hasken nan da ke tsaye kamar ginshiƙi da kake shiga ciki, akwai kuma Save state na PPSSPP da ke kama daidai inda kake ko a tsakiyar faɗa ne. Na biyun ni'ima ne, an kira sallah ko an aike ka ko caji ya kai kashi uku, dannawa ɗaya ka ajiye ka tashi, babu zancen bari in kai wajen sebin. Amma kada ka dogara da shi shi kaɗai, duk hasken da ka gani ka shiga kayi na asalin, domin Save state yana iya ƙin buɗewa bayan ka sabunta manhajar, kuma na taɓa danna shi bisa kuskure daidai lokacin da Kratos ke faɗawa rami, duk buɗewa sai mutuwa, da ba don ina da na asali a baya ba da tafiyar kwana uku ta tafi. Gurabe biyar ne, ka riƙa juya su. Kuma don Allah kada ka mayar da shi abin yi bayan kowane sara a faɗan manya, zaka wuce amma hannunka bai koyi komai ba, na gaba zai tare ka.

Ka fara a Hero. In ka gama sai matakin God ya buɗe, a can duka biyu zuwa uku ne ka mutu, jajaye da koraye duk sun ragu daraja, duk abinda na faɗa a sama na karewa da mirginawa ya tashi daga shawara ya koma dole. Akwai kuma Challenge of Hades a Chains, ƙalubale guda biyar, da Temple of Zeus a Ghost inda kake kashe ragowar jajayenka ka buɗe kaya. Ni yanzu haka ina kan God a Chains of Olympus, na kai Persephone, zagayen farko na riga na gane shi, na biyun ne inda take jefo hasken nan ana mayar mata tana sake mayarwa yake ci min lokaci, sai na mayar sau biyu a na uku hannuna ya riga ya danna da wuri. Na karɓo hannun PS4 wajen wani abokina a Unguwar Rimi, daren Juma'a in an bar mana wuta zan sake zama a kanta.